Kwana biyar cikin kwalayen Carlos Fuentes

Tambaya guda ce ta kai ni Jami'ar Princeton da ke Amurka, kuma ta daɗe tana tsaye mini a maƙogwaro tun da na fara babi na uku na kundin digirina: me ke sa marubucin da ya yi suna wajen caccakar gwamnati ya wayi gari ya karɓi muƙami daga hannunta, sannan me ke sa ya ajiye? Mutumin da nake bin sawunsa shi ne Carlos Fuentes, marubucin ƙagaggun labarai ɗan ƙasar Meziko, wanda ya yi jakadan ƙasarsa a Faransa daga 1975 zuwa 1977. Na karanta littattafansa, na karanta abin da aka rubuta a kansa, har na fara jin kamar tare muka taso. Ran da na kai wa malamar da ke duba aikina daftarin babin, ta karanta shafi biyu ta ɗago kai ta ce duk wannan abin da ya yarda a buga ne, in tashi in je in ga abin da bai buga ba.

Mutane kan yi mamakin yadda Bahaushe ya tsinci kansa cikin adabin Sifaniyanci. Amsar ba ta da tsawo. Ina ɗan shekara tara aka ba kawuna riƙona, shi kuwa a Malabo ta ƙasar Equatorial Guinea yake kasuwanci, can na yi firamare da wani ɓangare na sakandare, kuma da Sifaniyanci ake koyarwa. Harshen ya zauna mini tun ban san amfaninsa ba.

Aikin ya fara ne daga kan teburina, makonni kafin in sayi tikitin jirgi. Takardun Fuentes suna sashen adana kayan tarihi na laburaren Jami'ar Princeton da ke jihar New Jersey, ƙarƙashin lamba C0790. Tun yana raye aka kai su can, a tsakiyar shekarun 1990, aka kuma riƙa ƙara wasu daga baya. Akwai jagora a intanet da ya jera abin da ke cikin kowane kwali: littattafan rubutun hannu, daftarin labarai, rubutun fina-finai, jawabai, wasiƙu, zane-zanen ƙuruciya, hotuna, kaset-kaset. Kwalayen sun haura ɗari. Daren farko na buɗe jagoran ina murna, na rufe shi gabana yana faɗuwa, don wanda ke da kwana biyar kacal ba zai iya cin wannan tuwon duka ba. Dole sai an zaɓa, kuma zaɓen shi ne rabin aikin. Na zauna da takarda na ware abin da nake so: wasiƙun da ya yi da 'yan uwansa marubuta, wato na Octavio Paz, mawallafin waƙoƙi ɗan Meziko, na Julio Cortázar, na Gabriel García Márquez, na Mario Vargas Llosa, sai duk abin da ya faɗo tsakanin 1968 da 1977.

A nan na yi wauta ta farko, wadda bai kamata ɗan makarantar Malabo ya yi ba. An jera wasiƙun ne bisa harafin farko na sunan wanda aka yi su da shi. Na daɗe ina lalube a ƙarƙashin M ina neman Márquez, har na fara zargin ko an cire su ne. Masu jin Sifaniyanci sunan dangi biyu gare su, na uba sannan na uwa, kuma na uban ne ke gaba. García Márquez yana ƙarƙashin G, Vargas Llosa ƙarƙashin V. Shi kansa mai takardun cikakken sunansa Carlos Fuentes Macías.

Bayan haka sai rajista. Ana buɗe asusun mai bincike a shafin laburaren, a shigar da suna da adireshi, sannan a bi jagoran a riƙa danna kwalin da ake so ɗaya bayan ɗaya, a sa ranar zuwa. Ba sai kana ɗalibin jami'ar ba, ba kuma a biyan ko kwabo. Na aika saƙo ga ma'aikatan na faɗi abin da nake nema, suka amsa cewa gara a nemi kwalaye da wuri, domin wasu kayan sashen ba a cikin ginin suke kwana ba, sai an ɗauko su daga wani babban rumbu da ke wajen harabar. Sashenmu ya ba ni ɗan guzuri, na kama ɗaki mai araha a wani gari da ke kan hanyar jirgin ƙasa.

Daren da zan tafi na kira Kawu. Ya tsufa yanzu, ya koma gida ya bar wa yara shago.

"To, ɗana, ina kuma aka nufa?"

"Kawu, takardun wani marubuci zan je dubawa. Ya rasu tun 2012."

"Takardun gado?"

"A'a, wasiƙunsa ne da abokansa, da rubuce-rubucensa. Jami'a ce ta ajiye."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wasiƙun mutum? Da izinin wa?"

Na ce da izininsa, shi da kansa ya miƙa. Kawu ya ce to lallai mutumin ya san za a karanta ke nan. Na yi dariya na wuce maganar. Sai a rana ta uku ta dawo mini.

Daga babban layin dogo da ya taso daga New York ana sauka a Princeton Junction, a shiga wani ɗan guntun jirgi da 'yan garin ke kira Dinky, wanda cikin 'yan mintoci yake ajiye mutum a bakin jami'a. Lokacin sanyi ne, iska tana yankan kunne. Laburaren Firestone gini ne na dutse, daga waje ba ka ganin girmansa saboda yawancinsa a ƙarƙashin ƙasa yake. Na nuna fasfo, aka kwatanta mini hanya, na sauka ƙasa zuwa ɗakin karatu na sashen.

Dokokin ba su da yawa amma ba a ɗaga ƙafa a kansu. Jaka da rigar sanyi da abin sha duk a kabad ake kulle su. Biro ba ya shiga, fensir kawai. Kwamfuta da waya an yarda. Kafin ka taɓa komai sai ka wanke hannu ka goge shi tas. Ni da na zo da tunanin fararen safar hannu irin na fina-finai, sai aka ce mini takarda ta fi son tsabtataccen hannu, safa tana kashe jin yatsa har mutum ya yaga gefen shafi bai sani ba. Sai in hotuna za a taɓa ake sa safa. Kwali ɗaya a lokaci guda, fayil ɗaya a kan tebur, a shimfiɗe, kuma inda ka zaro fayil ka sa wani dogon kati don ka san inda za ka mayar. Ba a sauya jerin takardu ko da ka ga kamar an yi kuskure. In ka ga haka, ka kira ma'aikaci. Wanda ya taɓa zama a Gidan Arewa ko ma'adanar takardun ƙasa da ke Kaduna ba zai ji baƙunci sosai ba, shirun iri ɗaya ne, ƙanshin tsohuwar takarda ma haka.

Da aka turo mini kwalin farko a kan ɗan keke, na zauna ina kallonsa kusan minti guda ban buɗe ba.

Da Cortázar na fara, don in ɗumama hannu. Akwai wata doguwar wasiƙa da ya rubuto daga Paris a 1958, shekarar da littafin Fuentes na farko mai tsawo, La región más transparente, ya fito. An buga ta tuntuni, na kuma karanta ta a bugun, amma riƙe takardar wani abu ne daban. Ya yabi littafin, ya kuma faɗi inda bai gamsu ba, ba tare da kwana-kwana ba. Fuentes yana ɗan shekara talatin ba cikakku ba a lokacin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ya ajiye ta. Yaro mai tashe ya sami wasiƙar da ta taɓa shi, ya adana ta shekaru aru-aru yana yawo da ita daga ƙasa zuwa ƙasa.

Yawo kuwa a jininsa yake. A birnin Panama aka haife shi a 1928, mahaifinsa ma'aikacin jakadanci ne, ya taso tsakanin Washington da Santiyago da Buenos Aires. Saboda haka takardun harsuna uku suke ji, Sifaniyanci da Turanci da Faransanci, kuma Faransancina na kasuwa ne, sai da na riƙa ɗaukar hoto ina ajiyewa don dare. Rubutun hannu ma ya ba ni wuya. An san Fuentes da rubutawa da hannu tukuna, sannan ya buga a tafireta da yatsa ɗaya, har yatsan ya lanƙwashe. Inda aka buga da tafireta ina gudu, inda aka yi gyara da hannu a gefen shafi sai in koma rarrafe. Ranar farko gaba ɗaya ban gama kwali guda ba. Na fita sallar azahar na dawo, kafin in farga an fara sanar da lokacin tashi, don ɗakin ba ya kaiwa ƙarfe biyar.

Rana ta biyu na ba wa García Márquez da Vargas Llosa. Su biyun nan da Cortázar da Fuentes su ne huɗun da ake ambata duk lokacin da aka zo maganar bunƙasar adabin Latin Amurka a shekarun 1960, kuma a wasiƙu ne kake ganin bunƙasar ba daga sama ta faɗo ba. Wannan yana nema wa wancan mai bugawa, wancan yana haɗa wannan da mai fassara, ana karanta daftarin juna kafin duniya ta gani. Fuentes yana cikin waɗanda suka fara ganin babobin farko na littafin García Márquez, Cien años de soledad, ya kuma yi rubutu a kansu a 1966, shekara guda kafin littafin ya fito. A cikin irin wannan zumunci ne aka ƙulla wata shawara a 1967: kowane marubuci ya ɗauki ɗan kama-karyar ƙasarsa ya rubuta labari a kansa, a haɗa su littafi ɗaya. Littafin bai taɓa fitowa ba. Amma a 1974 da 1975 Augusto Roa Bastos da Alejo Carpentier da García Márquez kowanne ya fitar da nasa littafin a kan mai mulkin danniya. Ni da na girma ina jin labarin juyin mulki a rediyo, wannan sashen ya ja ni fiye da kima, na ɓata rabin yini a kan abin da ba ya cikin babina. Ban yi da-na-sani ba.

Sai rana ta uku na kai ga abin da ya kawo ni. Wasiƙun Paz suna cikin waɗanda Fuentes ya sa sharaɗin kada a buɗe sai bayan shekara biyu da rasuwarsa. Ya rasu ranar 15 ga Mayu 2012, aka buɗe su a Mayun 2014. Don mai karatu ya gane nauyinsu, sai na koma baya kaɗan.

Ranar 2 ga Oktoba 1968, kwana goma kafin buɗe wasannin Olamfik a birnin Meziko, sojoji suka buɗe wuta a kan ɗalibai masu zanga-zanga a dandalin Tlatelolco. Gustavo Díaz Ordaz ne shugaban ƙasa, Luis Echeverría ne ministan cikin gida. Paz yana jakada a Indiya, ya ajiye aiki saboda kisan. Fuentes yana cikin masu la'antar gwamnatin da babbar murya. Sai ga Echeverría ya hau mulki a 1970 yana kiran a buɗe fagen siyasa, yana jan 'yan boko a jiki, Fuentes kuma ya mara masa baya, duk da wani kisan ɗalibai da aka sake yi a Yunin 1971. A 1975, shekarar da littafinsa Terra Nostra ya fito, ya karɓi jakadanci a Paris. Yana kan kujerar a Yulin 1976 lokacin da aka yi wa shugabancin jaridar Excélsior juyin da ya fitar da shugabanta Julio Scherer, abin da ya sa Paz ya bar mujallar Plural ya kafa Vuelta. A 1977 sabon shugaba, José López Portillo, ya naɗa Díaz Ordaz jakada a Sifaniya, bayan ƙasashen biyu sun maido da hulɗar da ta yanke tun zamanin Franco, ɗan kama-karyar Sifaniya. Nan Fuentes ya yi murabus, ya ƙi zama a aiki ɗaya da mutumin Tlatelolco. Shi ma Díaz Ordaz bai daɗe a Madrid ba.

Masu sukarsa tambayarsu ɗaya ce: in ba za ka iya zama da shugaban 1968 ba, ta yaya ka yi wa ministan cikin gidansa aiki? Tambayar da na ɗauko ke nan tun daga gida, kuma a raina ina sa ran wata takarda guda da zan zaro in ga ya zauna cikin dare ya amsa ta.

Wasiƙun shekarun 1960 tsakaninsa da Paz cike suke da ɗumi. Ɗaya a New Delhi, ɗaya yana yawo a biranen Turai, suna maganar littattafai, suna maganar halin da Meziko ke ciki, suna shawarar kafa mujalla. Na karanta ina sane da ƙarshen labarin, wanda su ba su sani ba: a 1988 Vuelta za ta buga wata maƙala ta masanin tarihi Enrique Krauze da ta yi wa Fuentes kaca-kaca, a kan rubutunsa da kuma siyasarsa, abotar ta mutu daga nan, har Paz ya rasu a 1998 ba su shirya ba. Karanta wasiƙar abokai biyu alhali ka san rabuwa za su yi, kamar kallon hoton biki ne bayan an saki amarya.

Ina cikin haka na lura da wani abu da yake gabana tun ranar farko ban kula ba. Wasiƙar da mutum ya aika, a hannun wanda aka aika wa take zama. To me ya sa nake ta cin karo da wasiƙun da Fuentes ya rubuta da kansa a cikin nasa kwalayen? Kwafi ne. Yana bugawa a tafireta da baƙar takardar kwafi a tsakani, ya aika ta sama ya ajiye ta ƙasa. Mutumin da ke yin haka shekara da shekaru ya san akwai mai karatu na uku bayan abokinsa. Shi ya tara, shi ya miƙa wa jami'a, shi ya ce wannan a buɗe yanzu, wancan sai bayan ya mutu. Maganar Kawu ke nan. Na shigo ina ganin kamar ta ƙofar baya na zagayo na tarar da maigida bai shirya ba, ashe zaure ne da aka share aka shimfiɗa tabarma tun kafin a haife ni. Wannan bai sa takardun sun zama ƙarya ba. Ya dai sauya yadda nake karanta su: duk jimlar da na tsaya a kai, sai in tambayi kaina wa yake nufi ya ji, abokin ko ni.

Da na yi wa wata ma'aikaciyar ɗakin maganar shekarun jakadancin, ta tuna mini abin da ya kamata in tuna da kaina. Rahoton da jakada ke aikawa gida dukiyar gwamnati ce, ma'aikatar harkokin waje ke adana shi, kuma ta Meziko tana da tata ma'adanar tarihi mai sunan Genaro Estrada a babban birnin ƙasar. Wato mutum ɗaya ne, amma takardunsa sun rabu gida biyu, marubucin a New Jersey, ma'aikacin gwamnatin a Meziko. Akwai ma gida na uku: hukumar FBI ta Amurka ta daɗe tana tara bayanai a kansa, an hana shi biza a farkon shekarun 1960, a 1969 kuma aka hana shi sauka daga jirgin ruwa a Puerto Rico. Ƙasar da ta taɓa rufe masa ƙofa ita ce yau ke sa ni wanke hannu kafin in taɓa takardarsa.

Wannan ma magana ce da 'yan Latin Amurka ke yi da zafi. Takardun Vargas Llosa da na Guillermo Cabrera Infante da na Reinaldo Arenas da na Elena Garro duk suna Princeton, na García Márquez kuma Jami'ar Texas da ke Austin ta saya a 2014. Ɗalibi a Lima ko Bogota sai ya nemi bizar Amurka kafin ya karanta marubucin garinsu. Na ji zafin wannan, don ni ma na san wuyar biza. Amma kuma ina da akwatin ƙarfe na kakana a zuciya, wanda muka buɗe bayan rasuwarsa muka tarar gara ta mayar da wasiƙunsa na ajami gari. Ban iya yanke hukunci na tsaya gefe ɗaya ba, a ɗakin nan mai daidaitaccen sanyi.

Kwana biyun ƙarshe aikin leburanci ne. An yarda a ɗauki hoto da waya don amfanin kai, ban da walƙiya. Dabarar da na koya a makare ita ce, kafin ka ɗauki ko shafi ɗaya ka fara ɗaukar goshin kwalin da bakin fayil ɗin, in ba haka ba za ka koma gida da ɗaruruwan hotuna marasa uwa marasa uba. Na ranar farko haka suka zame mini, sai da na sake neman kwalin na bi su ɗaya-ɗaya. Kowace takarda da za ka ambata a kundi sai ka kawo lambar kwali da ta fayil. Sannan laburaren takardar kawai ya mallaka, haƙƙin kalmomin yana hannun magada. In kana son ka kwafo jimloli ka buga, sai ka nemi izini, kuma izinin wasiƙar Paz daban, na Cortázar daban, domin haƙƙin wasiƙa na wanda ya rubuta ne, ko a kwalin wa aka same ta. Shi ya sa ba ku ga na kawo ko layi ɗaya daga cikinsu a nan ba.

Babina ya sauya. Na cire tambayar me ya sa ya karɓa daga matsayin kan magana, na mayar da ita yadda ya so a tuna da karɓar da kuma ajiyewar. Malamata ta ce wannan ya fi, sannan ta tambaye ni yaushe zan tafi Meziko.

Ranar Juma'a da yamma na mayar da katin ƙarshe, na rufe kwalin, na tura shi gaban tebur. A cikin ɗan jirgin ina ƙoƙarin sa wa hotuna suna sai ga kiran Kawu.

"Ɗana, ka samu abin da ka je nema?"

"Na samu wani abu dai, Kawu. Maganarku ta fito, ya san za a karanta."

"Ai na gaya maka." Ya yi tari, sannan ya rage murya. "Wai ni kam, rasiɗan nan nawa na Malabo da littattafan bashi, suna nan cike da buhu biyu. Ka tambayar mini mutanen ko suna so."